Fenti mai duhu ko mai haske? Yadda za ka gwada su a ɗakinka kafin ka sayi bokiti

Yawancin waɗanda ke shiga shagunan kayan gini a Garwa ta ƙasar Kamaru suna neman fenti mai duhu, a waya suka gan shi. Falon wani gida ne a Dubai ko Turkiyya, bango shuɗi mai duhu, kujeru farare, fitilu ta kowace kusurwa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne tagar ɗakin ta kusa cin bango guda, wuta ba ta ɗaukewa, ƙurar hunturu kuma ba ta san hanyar gidan ba. A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa "a shafa fari kawai a huta", bayan wata shida gefen makunnin fitila ya yi baƙi ƙirin da shatin hannu, su koma zagin mai fenti.

Kowane launi da ranarsa. Ɗakin ne ke zaɓa, wato haskensa da ƙurarsa da mutanen da ke kwana a cikinsa. Don kada magana ta tsaya a sama, zan kwatanta launi biyu da aka fi tambaya: ruwan madara, da shuɗi mai duhu irin na rinin baba. A littafin launuka mai lambobin RAL, tsarin da aka faro a Jamus tun 1927, ruwan madara shi ne 9001, shuɗin kuma ya yi kusa da 5011. Duk abin da zan faɗa kan shuɗin ya hau kan ruwan toka mai duhu da kore mai duhu da ruwan ƙasa.

Fara da taga

Kafin ka je kasuwa, tsaya tsakiyar ɗakin ka ga inda tagarsa ta fuskanta. Alƙibla ta ishe ka ma'auni: a nan ƙasarmu tana tsakanin gabas da arewa.

Shawarwarin da ke yawo a intanet na mutanen Turai ne, masu cewa ɗakin da ya kalli arewa ba ya ganin rana. Mu ba haka abin yake ba. Garwa tana wajen digiri 9 a arewa da tsakiyar duniya, Marwa ta ɗan haura 10, Injamena 12. A Garwa rana tana tsayawa tsakar ka a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, tsakanin waɗannan lokuta biyu kuwa ta arewa take ɗan karkatawa. Sauran shekara ta koma kudu, shi ya sa tagar kudu ke shan rana a Disamba da Janairu. Saboda haka tagogin da suka fi damun mu su ne na gabas da na yamma. Ta gabas tana ba da haske mai kyau da hantsi, daga azahar ɗakin ya dushe. Ta yamma kuwa daga la'asar take watso rana ja mai zafi har cikin gado.

Sai ka duba abin da ke tare hasken. Gidajen tsoffin unguwanni irin su Hausare da Yelwa a matse suke, taga ƙarama, gabanta katangar maƙwabci ko rumfar kwano ko bishiyar dalbejiya, a kanta kuma ga raga ga labule mai kauri. Gwajin mai sauƙi ne. Da azahar, fitila a kashe, labule yadda aka saba barinsa, ɗauki littafi ka zauna a kusurwar da ta fi nisa da taga. In ka karanta ba tare da ka ƙanƙance ido ba, ɗakin zai iya ɗaukar launi mai duhu. In sai da ka matso bakin ƙofa, to an gama magana, haske za ka shafa.

Dalili kuwa lissafi ne. Kamfanonin fenti suna auna yawan hasken da launi ke maidowa, daga 0 zuwa 100. Ruwan madara yana maido da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ya faɗa masa. Shuɗi mai duhu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, sauran duk ya shanye. Ƙwan lantarki ɗaya da ya wadatar da ɗaki mai ruwan madara, a ɗaki mai shuɗi sai ka ƙara masa ɗaya ko biyu. Ranar da wuta ta ɗauke aka kunna 'yar fitilar caji ko ta sola, a ɗaki mai haske yara za su iya yin aikin makaranta a tabarma. A mai duhu, in ka bar inda fitilar take da taku biyu sai lalube.

Batun zafi

Wannan tambayar ba ta ƙarewa, musamman a Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Mutane na cewa fenti mai duhu zai mai da ɗaki tanda. Gaskiyar maganar ba ta kai nan ba. Launi yana shan zafi ne idan rana ta doke shi kai tsaye, bangon ciki kuwa yawancinsa a inuwa yake wuni. Zafin ɗakinka daga kwanon rufi yake saukowa, sai bangon yamma da ya gasu ta waje yake sako shi da dare. Mai neman sanyi ya kashe kuɗinsa kan silin mai kyau, da ramukan shan iska tsakanin silin da kwano, da farin fenti a bayan gini. Ruwan madara a ciki ba zai sanyaya ɗaki ba.

Wuri ɗaya ne launin ciki ke da tasiri: bangon da ranar la'asar ke sauka a kansa ta taga. Shuɗi a wannan wurin zai yi ɗumi, kuma shi zai fara koɗewa. Akwai kuma abin da ido ke faɗa wa jiki. Ɗaki mai duhu da azahar yana sa mutum ya ji an rufe shi, wasu kuma duhun ne ke hutar da idonsu bayan sun shigo daga ƙyallin rana. A Ngaundere, da ke kan tudu sama da mita 1,000, launi mai duhu ya fi daɗin zama fiye da nan bakin Binuwai.

Ƙura da datti, inda kowanne ke tona asirinsa

Ana ɗauka launi mai duhu yana ɓoye datti. Wani dattin yake ɓoyewa, ya fallasa wani. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu fari-fari ce, mai laushi. A bango shuɗi kwana uku ya isa ka ja yatsa ka ga layi ya fito sarai, saman bangon ya yi furfura, duk wani ƙulli na yaɓe ya tara nasa kason. Ka sa tsumma ka goge, wurin ya ɗauki sheƙi ya bambanta da sauran, musamman in fentin marar sheƙi ne. Gefen kujera ya karce shi, farin da ke ƙasa ya leƙo. In kuma bangon na tsotsar danshi da damina, farin gishirin da siminti ke fitarwa zai yi masa taswira.

Ruwan madara ba ya nuna wannan ƙurar ko kaɗan, kusan launinsu ɗaya. Nasa abokan gābar daban ne: maiƙon hannu a gefen ƙofa, shatin kai a bangon da ake jingina, fensirin yara, jinin sauron da aka make, jar ƙasar da ake shigowa da ita a ƙafa. Sai hayaƙi. Gidan da uwargida ke turaren wuta safe da yamma, kamar yadda aka saba a nan da Kuseri da Injamena, kusurwar da ake ajiye kasko za ta yi rawaya, silin ma haka. Hayaƙin gawayin shayi da maganin sauro na kunnawa duk suna barin nasu.

Tunda an ambaci sauro: yana son duhu, a wurare masu duhu yake laɓewa da rana. Fenti ba ya maganin zazzaɓi, gidan sauro ke wannan aikin. Amma a bango mai haske kana ganinsa, kana ganin kunama da gizo-gizo, abin da uwar jariri ba za ta raina ba.

Gwaji kafin saye

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi arha. Ɗan murabba'in launi da ke cikin littafin shago ba ya faɗa maka gaskiya. Launi in ya cika bango yana ƙara ƙarfi. Shuɗin da ka ga ya yi daidai a takarda zai iya komawa kusan baƙi a ɗaki.

Sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, ko ka roƙi mai fenti ya haɗa maka kaɗan. Nemo falankin filawud biyu ko kwali mai kauri, kowanne kamar rabin mita a tsawo da faɗi, in ya fi haka ma ya fi. Shafa musu fari tukuna, sannan launin sau biyu, ka bari su bushe sosai, don fentin ruwa yana sauya fuska in ya bushe, galibi ya ƙara duhu. Na fi son falanki a kan shafawa a jikin bango saboda ana iya ɗaukarsa daga nan zuwa can, kuma tsohon launin bangon ba zai ruɗe maka ido ba. Kada ka jera su kafaɗa da kafaɗa. Kusa da shuɗi, ruwan madara zai yi kamar fari fat. Kusa da ruwan madara, shuɗi zai fi ainihinsa duhu. Ba su tazara.

Ka dube su sau huɗu: da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya, da bayan isha'i. Na dare kuma kashi biyu ne, da ƙwan lantarki, da kuma fitilar da kuke kunnawa in babu wuta. Duba kwalin ƙwan: wanda aka rubuta wa 6500K haskensa fari ne mai ratsin shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa, mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne. A ƙarƙashin na farko ruwan madara kan yi fari-fari, shuɗi ya yi sanyi. A ƙarƙashin na biyu ruwan madara ya ƙara rawaya, shuɗi ya dushe ya koma wajen baƙi.

Kawo labule da matashin kujera da gefen darduma ka kara su da falankin. Ɗakin amarya ne? To a jira a ga launin gado da kujerun da za a yi jere da su. Sauya bokitin fenti ya fi sauya kujeru sauƙi, kuma dangin amarya ba za su mai da kaya don bangonka ba. Daga ƙarshe bar falankan a jingine mako guda ba tare da ka goge su ba, taga a yadda kuka saba barinta. Ran na bakwai ja yatsa a kan kowanne, sannan ka dafa su da hannun da ya taɓa abinci. Abin da ka gani shi za ka zauna da shi.

Bangon kansa

Launi mai duhu ba ya yafe wa magini. Da dare, ɗora tocila a jikin bango ta haska shi ta gefe. Duk tudu da kwari da shatin cokalin magini za su fito. Ruwan madara marar sheƙi zai rufa wa yawancinsu asiri, shuɗi mai sheƙi kuwa zai nuna su ga kowane baƙo. In ka nace sai shuɗi, sa kuɗin hodar sumulce bango da takardar gogewa da ƙarin kwanakin aiki a lissafi.

Sabon yaɓen siminti yana bukatar kamar mako huɗu kafin ya karɓi fenti. In aka yi gaggawa, kaifin simintin zai cinye launin ya bar dabbare-dabbare, kuma a mai duhu abin ya fi muni. In kana zargin danshi, manna leda a ƙasan bango da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. Ta yi gumi ta ciki? Gyara inda ruwan ke shigowa tukuna. Bangon da aka taɓa shafa wa farar ƙasa sai an kankare shi, in ba haka ba sabon fentin zai ɓamɓaro tare da ita. Ginin ƙasa kuwa, ni a ganina a bar shi da farar ƙasarsa. Tana barin bango ya sha iska, fentin mai kuma toshe shi yake yi.

A jikin bokiti rubutun da Faransanci yake zuwa. Mat shi ne marar sheƙi, satin mai ɗan sheƙi da ke jure wanki, brillant mai ƙyalli. Shafin farko da ke kama bango sous-couche ko impression ake rubuta masa. Ga ruwan madara, farin shafin farko ya wadatar. Ga shuɗi, a ɗan rina shi ya zama ruwan toka, zai rage maka shafi guda a sama.

Lissafin bokiti

Ɗauki ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi. Kewayensa mita 16, sau 3, murabba'in mita 48 ke nan. Cire ƙofa da taga, saura kamar 44. Fentin ruwa a bango mai sumul yakan rufe wajen murabba'in mita 10 da lita ɗaya. Ainihin adadin yana rubuce a jikin bokiti, yaɓe mai kaushi kuma ya fi haka sha. Shafi ɗaya ke nan lita huɗu da rabi. Ruwan madara shafi biyu ya ishe shi, lita 9. Shuɗi mai duhu sau da yawa sai uku, lita 13 zuwa 14, kuma litarsa ta fi tsada. Silin, murabba'in mita 16, lissafinsa daban, kuma fari za a shafa masa ko wane launi ka zaɓa wa bango.

A nan ne ake yawan faɗa da masu fenti. Zai ce maka, "Alhaji, sayo farin bokiti da kwalaben kala, ni zan haɗa maka." Ga ruwan madara wannan daidai ne, ɗigon rawaya kaɗan ya isa. Ga shuɗi mai duhu ka ce masa, "A'a Malam, wannan sai na kamfani." Farin fenti cike yake da farar hoda, duk kalar da ka zuba, iyakarta ta kai ka shuɗi mai hazo-hazo, in kuma aka yi ta ƙarawa fentin ya yi rauni, ya riƙa bin rigar duk wanda ya jingina. Launi mai duhu a saye shi haɗaɗɗe, ko a haɗa da inji a cikin fenti na musamman da aka yi dominsa. Ko wanne ne, a juye duka a babban mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara, don bokiti biyu na launi ɗaya kan ɗan saɓa.

Akwai kuɗin da ba a tunawa: na komawa. Daga ruwan madara zuwa shuɗi tafiya ce mai sauƙi. Daga shuɗi zuwa ruwan madara sai shafin farko da shafi biyu ko uku a kansa. Ɗan haya ya tambayi mai gida tun kafin ya sayi buroshi.

Ranar aiki

A fara bayan asuba, a tsaya kafin rana ta take. Cikin zafin bazara fenti yana bushewa kafin rola ta dawo, sai wurin haɗuwar ya bar layi. A ruwan madara da ƙyar za a lura, a shuɗi kuwa daga bakin ƙofa ake hango shi. Don haka in an kama bango a gama shi daga kusurwa zuwa kusurwa, shan shayi ya jira. Wanda ke bin gefe da buroshi da mai rola su tafi tare, kada gefen ya bushe. Silin ake farawa, sannan bango. Kada a yarda da tsinka fenti da ruwa fiye da abin da aka rubuta don ya yi auki. Mai duhu da aka tsinka ba zai taɓa rufewa ba. Ranar da hazo ya sauko a ɗage aikin, tsakiyar damina kuma a ƙara tazara tsakanin shafi da shafi. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke ƙura ba ta yi ƙarfi ba, ni shi na fi so, ko da yake na san yawancinmu sai Sallah ta matso muke tunawa da bango.

Fentin mai yana da wani abin lura. An daɗe ana samun dalma a cikinsa, musamman rawaya da ja da kore masu kaifi, ita kuwa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Kamaru ta kafa doka a 2017 da ta iyakance ta zuwa kashi 90 cikin miliyan. Nemi gwangwanin da aka rubuta wa sans plomb, wato babu dalma, ka guji wanda ba shi da suna ba shi da adireshi. Tsohon fentin mai kada a goge shi a bushe yara na kusa; a jiƙa shi, a fitar da su, a share da jiƙaƙƙen tsumma. Mai ciki da jariri kada su kwana ɗakin sai warin ya fita.

To wanne?

A yawancin ɗakunanmu, ruwan madara. Uwar ɗaki mai taga ɗaya, ɗakin yara, ɗakin tsohuwa da idonta ya yi rauni, kicin, shago, duk haske suke so. A zaɓi mai ɗan sheƙi inda hannu ke yawan kaiwa, don a iya wankewa da ruwa da sabulu.

Shuɗin yana da wurinsa, amma bango ɗaya. A falo mai manyan tagogi, shafa shi a bangon da talabijin ke jingine ko wanda ke bayan doguwar kujera, muddin ba shi ranar la'asar ke duka ba. A ɗakin kwana, bangon kan gado. Kauce wa bangon da tagar take jikinsa, don duhu kewaye da ƙyallin taga yana gajiyar da ido. Bango ɗayan nan murabba'in mita 12 ne kacal, lita huɗu ta gama shi, kakkaɓe masa ƙura aikin minti biyar ne, in ya gundure ka kuma wuni ɗaya ya isa a mai da shi.

Gidan da ke da yara da yawa ya ɗauki tsohuwar dabarar makarantu da asibitoci: launi mai duhu mai jure wanki daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya da 'yan kai, mai haske daga nan zuwa silin. Wasu na ganin ta tsufa, amma ta ɗora kowane launi a inda ya fi ƙarfi, duhu a inda ƙafa da hannu ke kaiwa, haske a inda fitila ke bukatarsa. A ja layin da igiya da ma'aunin ruwa na magina, ba da ido ba, a manna salatif, a cire shi tun fentin bai gama bushewa ba.

Kada a wanke sabon bango sai ya yi mako uku zuwa huɗu, lokacin ne fentin ke gama ƙarfi. Ragowar a zuba a ƙaramin mazubi mai murfi, a rubuta sunan ɗakin da lambar launin a jiki, a ajiye a inuwa nesa da yara. Ruwan madara yana karɓar faci cikin sauƙi. Shuɗi kuwa in ya shekara ya ɗan koɗe, facin zai fito daban, gara a sake shafa bangon gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa.